Yadda ake horar da matasan masana harhaɗa magunguna su zama malamai a asibitocin Yamai

Duk wanda ya kammala karatun harhaɗa magunguna a Yamai, ya kare kundinsa na dakta, sannan ya zauna a farmasin asibiti domin zurfafa horo, ba ya rufa wata guda kafin ya waiwaya ya tarar da ɗalibai tsaye a bayansa. Wasu daga Tsangayar Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni suke, wasu daga makarantar kiwon lafiya ta Damouré Zika, wasu kuma daga makarantu masu zaman kansu, kowannensu riƙe da littafin sitaj, wato na koyon aiki a asibiti, yana jiran a nuna masa aiki. Matashin nan ya shafe shekaru yana koyon yadda magani ke aiki a jikin ɗan Adam, amma galibi ba a taɓa zaunar da shi ko na yini guda an nuna masa yadda ake koyar da wani ba. Saboda haka sai ya koma ga abin da ya saba gani, wato ya yi ta zuba bayani da Faransanci, ɗalibai suna rubutawa, a sa hannu a littafi, kowa ya kama gabansa.

Abin da nake son shugabannin farmasi da malaman jami'a su yarda da shi shi ne, koyarwa aiki ne da ake koyo ta hanyar yin sa a gaban wanda ya fi ka, ya gani da idonsa, ya gyara maka. Tun a 1997, a taron da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, an lissafa matsayi 7 da ake so masanin magunguna ya riƙe, kuma zama malami yana cikinsu. Majalisar CAMES mai kula da ilimi mai zurfi da ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashen Afirka da dama, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968 kuma hedkwatarta take Wagadugu, ba ta ɗaga mutum zuwa matakin farfesa a gasarta sai ya tsaya gaban alƙalai ya ba da darasi. Ke nan matashin da ba a horar da shi koyarwa ba an tauye shi, an kuma tauye ɗaliban da ke hannunsa da marasa lafiyar da za su faɗa hannun waɗannan ɗalibai gobe. Matakan da ke ƙasa na babban malami ne, wato wanda ke kula da matashin, kuma zan riƙa kiran matashin da sunan ɗan horo domin a bambanta shi da ɗalibai.

Mataki na farko: a ware lokaci, a rubuta shi

Kafin komai, a zauna da ɗan horo a makonsa na farko a rubuta abin da ake so ya iya a fannin koyarwa kafin shekara ta ƙare, da ranar da za a riƙa haɗuwa. Awa biyu a mako sun isa, muddin an tsare su. Idan ba a sa su cikin jadawalin aiki kusa da ranakun gadi ba, to layin marasa lafiya zai cinye su tun a watan farko, musamman daga Agusta zuwa Oktoba lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci. A kuma iyakance yawan ɗaliban da za a ba shi da farko, biyu ko uku, domin wanda aka tara wa mutum goma sha biyar a ɗan ƙaramin ɗaki ba abin da zai iya yi illa lacca.

Mataki na biyu: ya fara da kallo

Makonni uku ko huɗu na farko, babban malami ne zai koyar, ɗan horo yana gefe da takarda. Sai dai kallon banza ba ya koyar da kowa, dole a gaya masa abin da zai lura da shi: tambaya nawa aka yi wa ɗalibai, wace iri ce, wane ne ya fi yin magana, malami ko ɗalibai, kuma me aka yi da amsar da ba daidai ba. Bayan an tashi, sai babban malami ya buɗe masa abin da ke ransa lokacin da yake koyarwa, ya ce masa, alal misali, «Ka ga lokacin da yarinyar nan ta rikice a lissafi ban ba ta amsa ba, na mayar da ita ga nauyin yaron ne, domin na gane ba rabawa ce ta gagare ta ba, ba ta san daga inda za ta fara ba ne.» Wannan buɗe zuciya ita ce ribar matakin, domin gwanin malami yakan yanke shawara da yawa cikin minti guda ba tare da mai kallo ya ankara ba.

Ƙungiyar masana magunguna na asibitocin Amurka, inda irin wannan horo ya daɗe da kafuwa, ta kasa aikin mai horarwa gida 4: ya yi bayani kai tsaye, ya yi aikin ana kallonsa, ya tsaya kusa yana gyara wa mai yi, daga ƙarshe ya ja da baya ya bar shi yana lura daga nesa. Wannan jeri shi za a bi da ɗan horo, shi ma kuma shi zai bi da ɗalibansa. Haka tela yake yi da yaronsa, sai ya ga hannunsa ya faɗa a ɗinkin maɓalli da kalmasa kafin ya miƙa masa almakashi ya yanka shadda.

Mataki na uku: ya koyi faɗin abin da ɗalibi zai iya yi

Idan aka tambayi sabon ɗan horo abin da zai koyar gobe, amsar da aka fi ji ita ce «magungunan zazzaɓin cizon sauro» ko «magungunan ciwon suga». Wannan sunan babi ne kawai, kuma wanda ya shiga aji da sunan babi zai kwashe duk abin da ya sani ya juye wa ɗalibai. A matsa masa ya sake faɗa da kalmar aiki wadda ido zai iya gani: a ƙarshen zaman nan ɗalibi zai iya duba nauyin yaro ya faɗi ƙwaya nawa na artemeter-lumefantirin, maganin zazzaɓin cizon sauro, zai sha, zai iya gane takardar maganin da aka rubuta ƙasa da ƙima, zai kuma iya yi wa uwar yaro bayani da Hausa ko Zabarmanci har ta maimaita daidai. Da zarar an rubuta haka, rabin abin da ya yi niyyar faɗa zai zube da kansa, lokacin da ya ragu kuma ya koma na gwaji.

Akwai wani tsani mai hawa 4 da George Miller ya wallafa a 1990, wanda ya kamata kowane ɗan horo ya iya zana shi a allo ba tare da duba takarda ba. A ƙasa akwai sani, samansa akwai sanin yadda ake amfani da sanin, sai iya nunawa a gaban malami, a can ƙoli kuma akwai abin da mutum yake yi a bakin aiki lokacin da babu mai kallonsa. Jarrabawar rubutu tana auna hawa biyu na ƙasa ne kawai. Ɗaliban da ke zuwa sitaj sun riga sun sha hawa biyun nan a jami'a, abin da ya kawo su asibiti shi ne na uku da na huɗu, kuma duk ɗan horon da ya mayar da sitaj maimaicin lacca ya ɓata musu damar da ba za su sake samu ba. Ina ganin wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma ba lalaci ke jawo shi ba, ƙwazo ne da ba a nuna masa hanya ba.

Mataki na huɗu: ƙaramin darasi na minti goma

Kafin a sake shi ga ɗalibai na gaske, ya gwada a gaban abokan aiki uku ko huɗu. An fara wannan salo a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963 domin horar da malaman makaranta, kuma ba ya bukatar komai sai ɗaki da allo da wayar hannu. Ɗan horo zai ɗauki batu guda ƙarami, kamar yadda ake haɗa ruwan gishiri da suga da ba da zinki ga yaro mai gudawa, ya koyar cikin minti goma, ana ɗaukarsa a waya. Shi kaɗai zai fara kallon hoton, domin mutum yakan ga abin da ba wanda zai iya gaya masa ya yarda: ya juya wa mutane baya yana magana da allo, ko yana cewa «kun gane ko?» yana wucewa ba tare da jiran amsa ba. Bayan an tattauna, sai ya sake koyar da darasin nan dai a mako mai zuwa. Maimaicin shi ne ginshiƙin abin, kada a tsallake shi. A kuma goge hoton bayan an gama, kada ya yi yawo a WhatsApp, domin wanda ya san za a yi dariyarsa ba zai sake sakin jiki ba.

Abu guda da ya cancanci a sa masa ido a nan shi ne shiru bayan tambaya. Mary Budd Rowe, wadda ta yi nazarin azuzuwa a Amurka, ta gano cewa malamai sukan jira kamar daƙiƙa 1 ne kawai bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su wuce ga wani, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa 3 amsoshi sukan ƙara tsawo da inganci. A wurinmu jiran ya fi haka muhimmanci, saboda ɗalibi yana jin tambaya da Faransanci, wataƙila yana tunani da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, ga kuma nauyin yin magana gaban na gaba. A umarci ɗan horo ya ƙirga biyar a zuciyarsa kafin ya sake buɗe baki.

Mataki na biyar: koyar da aikin hannu

Aikin hannu yana da tsarinsa dabam, kuma hanya mai mataki 4 da aka sani da sunan Peyton ta dace da farmasi ƙwarai. Mu ɗauki haɗa allurar artesunat, wadda ake yi wa mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Da farko ɗan horo zai yi aikin daga farko har ƙarshe cikin saurin da aka saba, bai ce komai ba. Na biyu ya sake yi a hankali yana bayani: kwalbar garin tana ɗauke da miligiram 60, ana zuba mata mililita 1 na ruwan bikarbonat da ke zuwa tare da ita, a girgiza har ruwan ya washe, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishirin asibiti idan ta jijiya za a yi, wanda zai ba da miligiram 10 a kowace mililita, ko mililita 2 idan ta tsoka ce, wanda zai ba da miligiram 20 a kowace mililita. Na uku, ɗalibi ne zai riƙa faɗin abin da za a yi, hannun ɗan horo yana bin umarninsa. Na huɗu, ɗalibi ya yi da hannunsa yana faɗin abin da yake yi.

Mataki na ukun nan shi ne wanda kowa yake son tsallakewa, alhali a nan ake kama kuskure tun bai kai ga jikin kowa ba. Idan ɗalibi ya ce a ƙara ruwan gishiri kafin garin ya narke, ɗan horo zai dakata da sirinji a hannu ya dube shi, ɗalibin kuma zai gane da kansa. Daga nan sai lissafi: yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, wanda ya kai kilo 20 ko ya wuce ana ba shi 2.4. Yaro mai kilo 12 zai bukaci miligiram 36, wato mililita 3.6 ta jijiya, wanda takardar jagora ke cikewa zuwa 4. Ana yin allurar a farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa ta 24, kuma abin da aka haɗa ba ya jira, idan ya wuce awa guda zubar da shi ake yi. A sa kowane ɗalibi ya yi lissafin a takardarsa shi kaɗai kafin a faɗi amsa, domin idan aka bar su su amsa baki ɗaya, murya biyu ce za ta amsa, sauran su fake a bayanta. Domin gwaji, a nemi izinin shugaban farmasi a yi amfani da kwalaben da wa'adinsu ya ƙare, a yi musu alama a fili, a kuma yi gwajin nesa da inda ake ajiye na marasa lafiya.

Mataki na shida: koyarwa a tagar ba da magani

Nan ne aikin yake da wuya, nan ne kuma ɗan horo zai shafe mafi yawan rayuwarsa ta koyarwa. Layi yana da tsawo, mutane sun taso daga nesa, wani tun asuba bai karya ba, babu wanda zai jira a yi lacca. Wasu likitocin iyali a Amurka sun wallafa wata hanya a 1992 mai gaɓa 5 wadda ake gamawa cikin ƴan mintuna, kuma ita ce na fi so a koya wa ɗan horo har ta zama masa jiki. Ya sa ɗalibi ya yanke hukunci, ya tambaye shi hujjarsa, ya ba shi ƙa'ida guda ta gaba ɗaya, ya faɗi abin da ya yi daidai, sannan ya gyara kuskuren.

Ga yadda abin yake a aikace. Wata uwa ta miƙo takardar magani ta ɗanta, an rubuta nauyinsa kilo 16, an rubuta artemeter-lumefantirin ƙwaya ɗaya safe da yamma kwana uku. Ɗaliba ta karɓa ta juyo tana kallon ɗan horo, tana jiran ya faɗa mata abin yi. Maimakon ya karɓe takardar, sai ya ja ta gefe kaɗan ya ce, «Ƙanwata, ke me kika gani?» Ta ce, «Dakta, kamar maganin ya yi kaɗan.» Ya ce, «Me ya sa kika ce haka?» Ta ce, «Ƙwaya ɗaya ta yaron da bai kai kilo 15 ba ce, shi kuwa ya wuce.» Sai ya ba ta ƙa'idar: daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya 1, daga 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya 2, daga 25 zuwa ƙasa da 35 ƙwaya 3, daga 35 zuwa sama ƙwaya 4, kuma a maganin yara kullum ido ya fara sauka kan nauyi kafin sunan magani. Ya ce mata ta kyauta da ta duba nauyin, sannan ya gyara mata abu guda: da ta ga haka bai kamata ta tsaya shiru ba, ya kamata ta faɗa nan take, a tuntuɓi wanda ya rubuta takardar cikin ladabi kafin a miƙa magani. Duk wannan bai kai minti uku ba, kuma uwar yaron ba ta ji an kushe likitan da ya duba ɗanta ba.

Sauran rabin aikin shi ne bayani ga uwar, kuma ɗalibar ce za ta yi, ɗan horo yana saurare. Maganin nan sha shida ne cikin kwana uku, na biyu yana biyo na farko da awa 8, sauran kuma safe da dare, ana ba da shi tare da nono ko abinci mai ɗan maiƙo domin jiki ya fi karɓarsa, kuma ba a dainawa don zazzaɓi ya sauka. Yawancin iyaye ba da agogo suke lissafin yini ba, saboda haka a koya wa ɗalibai su ɗaura lokutan a kan salla: idan an ba shi na farko da azahar, na biyu sai bayan isha'i lokacin kwanciya. Maganin da ake sha sau uku a yini ma haka ne, asuba da azahar da lokacin kwanciya sun fi kusa da tazarar awa takwas fiye da «safe, rana, dare» wanda kowa ke fassarawa yadda ya ga dama. Cokalin gida ba ma'auni ba ne, a nuna mata layin mililita 5 a jikin murfin siro ko sirinji. Lita guda ta ruwan gishiri da suga kuwa, a nuna mata da abin da take da shi a gida, kamar leda biyu ta ruwan sayarwa mai rabin lita. A ƙarshe ɗalibar ta ce, «Inna, don in tabbata ban manta da komai ba, faɗa mini yadda za ki ba shi idan kun isa gida.» Tambayar «kin gane?» ba ta da amfani, domin kunya da girmamawa za su sa a ce an gane ko ba a gane ba.

Ɗan horon da ba ya jin Zabarmanci, ko ɗalibin da ba ya jin Hausa, kada a bar shi ya ɓuya a bayan wannan uzuri har shekara ta ƙare. A haɗa su biyu-biyu, mai jin wannan da mai jin wancan, su rubuta jimlolin da ake bukata kullum a taga, su riƙa gwadawa da juna.

Mataki na bakwai: yadda ake gyara wa mutum

Tarbiyyarmu ta hana ƙarami ya dubi idon babba ya ce bai fahimta ba, ta kuma sa gyara a gaban jama'a ya zama tozarci da ba a mantawa. Ɗan horo yana tsakiya, shekarunsa ba su fi na ɗaliban da yawa ba, don haka yakan faɗa ɗayan rami biyu: ko ya yi zafi domin a san shi ne babba, ko ya yi ta cewa «ya yi kyau» domin kada a ƙi shi. A koya masa tsarin da Pendleton da abokan aikinsa suka shimfiɗa a 1984, inda ɗalibi ne ke fara faɗin abin da yake ganin ya yi daidai, malami ya ƙara nasa, sannan ɗalibi ya faɗi abin da zai sauya, malami ya cike. Gyaran ya kasance a keɓe, a ranar da abin ya faru, a kan abin da aka gani da ido, kuma kada ya wuce abu biyu a zama guda. «Ba ka da natsuwa» hukunci ne a kan halin mutum, ba abin da zai iya yi da shi. «Ka miƙa insulin ba ka tambayi Baba ko yana da inda zai ajiye ta cikin sanyi ba» magana ce da zai iya gyarawa gobe da safe.

Akwai wuri guda da ba a jira a keɓe, shi ne idan kuskuren zai kai ga marar lafiya. A nan ɗan horo zai sa baki nan take cikin natsuwa, ya karɓi aikin, bayani ya biyo baya. Babban malami kuma ya sani cewa yadda yake gyara wa ɗan horo haka shi ma zai gyara wa ɗalibai, ko da an karanta masa tsarin Pendleton sau goma.

Mataki na takwas: ma'ajiya da firiji

Ɗalibai sukan raina ma'ajiya, suna ganin aikin ɗan dako ne, kuma ɗan horo ne zai cire musu wannan tunani. Ya ba su katin kaya na gaske su lissafa abin da ake sha a wata. Idan an fitar da 900 a wata na farko, 1200 a na biyu, 600 a na uku amma maganin ya yanke kwana 15 a cikinsa, wanda ya raba 2700 gida uku zai samu 900, alhali wata biyu da rabi ne aka yi ana bayarwa, ainihin adadin 1080 ne, kuma wanda ya yi oda da 900 zai sake jawo yankewa. Ya sa su jera kaya yadda wanda wa'adinsa zai riga ƙarewa shi zai riga fita. Ya sa su karanta ma'aunin firiji safe da yamma su rubuta, su san cewa tsakanin digiri 2 da 8 ake so, su kuma faɗi abin da za su yi da insulin da oksitosin da alluran rigakafi idan wuta ta ɗauke a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40. Ya ba su labarin annobar sanƙarau ta 1995, lokacin da aka yi wa dubban mutane a ƙasar nan allurar rigakafi ta jabu, domin su san dalilin duba lambar rukuni da asalin kowane kwali. Idan hali ya yi, ya shirya musu ziyara zuwa ONPPC, ofishin gwamnati mai sayo magunguna da rarraba su, da LANSPEX, ɗakin gwajin ƙasa mai duba ingancin magunguna, amma ya ba kowa tambayoyin da zai dawo da amsarsu.

Mataki na tara: ya koyi auna ɗalibi

Sa hannu a littafin sitaj shaida ce cewa ɗalibi ya iya, kuma ɗan horo ya san nauyin wannan shaida. Hanyar da Ronald Harden ya fito da ita a Dandi ta ƙasar Sikotilan a 1975 tana da sauƙin kwaikwayo: a shirya tashoshi biyar ko shida, kowacce minti biyar zuwa bakwai, ɗalibi yana zagayawa. A wata tasha ya duba takardar magani mai kuskure, a wata ya haɗa artesunat, a wata ya yi bayani ga ma'aikaciyar da ta zauna a matsayin uwa, a wata kuma ya fuskanci saurayin da ya zo neman tiramadol ba takardar likita. Ɗan horo ne zai rubuta tasha guda da jerin abubuwan da za a duba, sannan shi da babban malami su ba ɗalibi guda maki kowa a takardarsa, su kwatanta. Inda makinsu ya saɓa, a nan za a gane ko jerin ne bai fito sarai ba, ko kuwa tausayi ko sanayya ta shiga.

Mataki na goma: a sake masa hannu, a ajiye shaida

A watannin ƙarshe babban malami zai rage zuwa, ya riƙa leƙowa sau ɗaya a wata ba tare da sanarwa ba, ya kuma faɗaɗa wa ɗan horo masu sauraro. Ya yi wa ma'aikatan jinya zaman minti ashirin kan magungunan masu ciwon suga gabanin azumin Ramadan. Ya shiga horar da masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina, wanda ake ba yara ƴan wata 3 zuwa 59, inda dole ya iya fahimtar da wanda bai yi dogon karatu ba cewa kashi na farko a gabansa ake sha, ƙwayar amodiyakin ta kwana na biyu da na uku kuma uwa ce za ta bayar a gida.

Tun daga makon farko ya buɗe kundi guda yana tara komai a ciki: manufofin da ya rubuta, tsarin kowane darasi da kwanan wata, takardun da babban malami ya cike lokacin da ya kalle shi, tashoshin jarrabawar da ya tsara, da ra'ayin ɗalibai wanda za a karɓa a rubuce ba tare da suna ba, wani dabam ya tattara ya miƙa masa bayan an ba da maki. Wanda zai nemi aikin koyarwa a jami'a zai bukaci wannan kundi ranar da zai haɗa takardunsa, wanda kuma za a tura Tawa ko Maraɗi ko Damagaram ya riƙe farmasin asibiti zai tarar da darussansa a shirye. Kafin ya tafi, a ba shi sabon ɗan horon da ya shigo ya zauna a gefensa da takarda na mako uku ko huɗu, babban malami kuma ya halarci zama ɗaya ko biyu daga cikin tattaunawar da suke yi bayan darasi, ya sa hannu a shafin ƙarshe na kundin.